Idan Gudummawar Agaji Ta Shiga Hannun Hukuma, Dukiyar Wa Ta Zama?

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2020, kwanaki kaɗan bayan zanga-zangar EndSARS, ta neman a rusa rundunar 'yan sanda ta SARS, ta rikiɗe ta koma tarzoma, jama'a suka fasa manyan rumbunan ajiya a Legas da Bukuru da Jalingo da Yola da Gwagwalada da wasu garuruwa, suka yi ta fitowa da buhunan shinkafa da sukari da katan-katan na taliya. A jikin da yawa daga cikin kayan akwai tambarin CACOVID, wato gamayyar manyan 'yan kasuwa da bankuna da aka kafa a watan Maris na wannan shekarar domin taya gwamnati yaƙi da annobar korona. Masu ɗibar kayan suna cewa haƙƙinsu ne aka ɓoye musu tun lokacin kulle, gwamnoni kuwa suka ce ba ɓoyewa aka yi ba, wasu kayan ba su daɗe da isowa ba, wasu kuma an tanade su ne don gudun kada annobar ta sake dawowa da ƙarfi. Kowane ɓangare na da abin faɗa, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, talakan da ke tsaye a ƙofar rumbun ba a taɓa nuna masa takardar da ta ce ga adadin buhunan da aka kawo jiharsa, ga ranar da suka iso, ga wanda aka damƙa wa amanarsu, ga kuma ranar rabo ba. Inda babu irin wannan takarda, zato ne yake yin hukunci, kuma a wannan makon zato ya yi hukuncinsa.

Tushen rikicin tambaya ce ta doka da ɗa'a wadda ba kasafai ake tsayawa a kanta ba, saboda a lokacin bala'i kowa hankalinsa yana kan wanda ruwa ya ci gidansa ko wanda ke kwance a asibiti. Idan ɗan kasuwa ko kamfani ko wata ƙasa ta miƙa kuɗi ko kaya ga gwamna, ko minista, ko shugaban hukumar agajin gaggawa, wannan dukiya ta wa ce daga wannan lokacin, kuma waɗanne ƙa'idoji ne suka hau kanta?

Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 bai yi shiru a kan kyautar da ake yi wa ma'aikacin gwamnati ba. A Jadawali na Biyar, inda aka jera ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, sakin layi na 6 ya hana ma'aikaci ya nemi ko ya karɓi wata dukiya ko alfarma, don kansa ko don wani, saboda abin da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa. Ya ƙara da cewa duk kyautar da ta fito daga kamfani ko ɗan kasuwa ko wanda ke da kwangila da gwamnati za a ɗauka ta saɓa wa wannan hani, sai fa idan ma'aikacin ya tabbatar da akasin haka. Wannan tanadi yana da nauyi ƙwarai, domin ya juya al'adar shari'a: a nan wanda ya karɓa ne zai wanke kansa, ba mai zargi ne zai kawo hujja ba. Abin da aka yarje wa ma'aikaci shi ne kyautar 'yan uwa da abokai, gwargwadon yadda al'ada ta saba kuma a lokutan da ta saba, kamar biki ko suna. Wanda Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta samu da laifi tana iya sauke shi daga muƙaminsa, ta hana shi riƙe muƙami har tsawon shekara 10, ta kuma ƙwace dukiyar da ya samu ta wannan hanya.

Ga mai karatun da ya tashi a ƙasar Hausa, babu baƙon abu a cikin wannan hani. Hadisin Ibn al-Lutbiyya sananne ne a majalisun karatu: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki mutumin karɓar zakka, da ya dawo sai ya ware kaya gida biyu, ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini. Sai Annabi ya hau mumbari ya tambaya, me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa da mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Haka kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitab al-Farq, ya lissafa gaisuwa, wato abin da ake kai wa masu mulki don a samu shiga, cikin munanan al'adun sarautar da ya yi inkari. Ma'aunin dai ɗaya ne tun daga can har zuwa kundin 1999: a cire kujerar a gani, idan kyautar ba za ta zo ba, to kujerar aka yi wa.

Sai dai a ƙarshen wannan sakin layi na 6 akwai wani togaciya da ya shafi maganarmu kai tsaye. Ya ce kyauta ko gudummawar da aka miƙa wa ma'aikaci a wurin taron jama'a ko wani biki na hukuma za a ɗauke ta a matsayin kyauta ga hukumar da yake wakilta, saboda haka karɓarta kawai ba laifi ba ne. Da wannan ne gwamna yake karɓar cekin miliyoyi a gaban 'yan jarida ba tare da ya taka doka ba. Amma togaciyar tana da fuska biyu, kuma fuska ta biyun ce ake yawan mantawa da ita: tun da kyautar ta hukuma ce, to ba ta gwamna ba ce, ba ta jam'iyyarsa ba ce, ba kuma ta gidauniyar matarsa ba ce. Ta zama dukiyar jama'a daga lokacin da ya miƙa hannu ya karɓa, kuma duk dokar da ta hau kan kuɗin haraji ta hau kanta.

Waɗannan dokoki kuwa a rubuce suke. Sashe na 80 na kundin ya ce duk kuɗin da Tarayya ta tara ko ta karɓa za su shiga babban asusu guda, in banda waɗanda wata doka ta ware wa asusu na musamman, kuma ba a fitar da ko kwabo sai da amincewar majalisa. Sashe na 120 ya faɗi haka game da jihohi. Sashe na 85 da na 125 suka ba Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya da na jihohi ikon bin diddigin asusun gwamnati. Kalmar karɓa da ke cikin sashe na 80 tana da faɗi, ba ta tsaya kan haraji da kuɗin man fetur ba. A fahimtata, gudummawar ambaliya da aka zuba a wani asusun banki da sunan kwamiti, aka kashe ta ba tare da majalisa ta sani ba, kuma mai binciken kuɗi bai leƙa ba, an kauce wa wannan tsari ko da kuwa ba a ci ko sisi a ciki ba.

Gwamnatin Tarayya ta gane wannan a lokacin korona, kuma ya kamata a faɗi abin da ta yi daidai. Tun shekarar 2015 aka tilasta wa ma'aikatu mayar da kuɗaɗensu Asusun Bai-ɗaya da ke Babban Bankin Najeriya, to da gudummawa ta fara kwararowa a 2020, sai aka buɗe asusun karɓa a bankuna biyar, wato Zenith da Access da GTBank da UBA da First Bank, domin sauƙaƙa wa masu bayarwa. A watan Mayu ofishin Babban Akanta na Ƙasa ya fitar da ƙa'idar da ta ce a riƙa kwashe abin da ya shiga waɗannan bankuna zuwa Babban Banki cikin awa 24, kada a kashe sai majalisa ta amince, a riƙa wallafa shige da ficen kuɗin a shafin baitulmali na intanet, a kuma amsa wa duk ɗan ƙasar da ya nemi bayani cikin kwana 7 kamar yadda Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta tanada. A takarda, ƙa'ida ce mai kyau. Rauninta shi ne umurni ne na ofis da aka rubuta a tsakiyar annoba saboda annobar kaɗai, ba doka ce ta majalisa da za ta jira bala'i na gaba ba, kuma ba ta hau kan jihohi ba, alhali a jihohi ne kaya suke sauka daga mota.

Ita kuwa gudummawar CACOVID, wadda ta kai kusan naira biliyan 40, ta zauna ne a wani matsayi na tsaka-tsaki. Asusun yana Babban Banki, gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, yana cikin jagororin gamayyar tare da Aliko Ɗangote da marigayi Herbert Wigwe, amma kuɗin ana kiran su na 'yan kasuwa ne, su suke sayen kaya su miƙa wa jihohi. An gina cibiyoyin killace masu cutar da wannan kuɗi, an sayi kayan gwaji da abinci, kuma babu mai hankalin da zai raina wannan taimako. Abin dubawa shi ne wanda ya yi kiran. Babban Banki shi ne yake ba bankuna lasisi, shi yake cin su tara, shi yake iya rushe shugabancinsu, shi ne kuma a wancan lokacin yake raba dalar da masu masana'antu ke buƙata. Idan mai irin wannan iko ya tsaya ya ce jama'a a kawo taimako, shugaban bankin da ya zo da naira biliyan guda ba za a iya sanin ko tausayi ne ya kawo shi ko tsoro ba, wanda kuma bai zo ba ya san an lura da shi. Ba ina cewa an tilasta wa kowa ba ne. Ina cewa ƙa'idar ɗa'a ana yin ta ne domin kada a kai ga buƙatar tantance zuciyar kowa, kuma hanya mafi tsafta ita ce mai sa ido a kan wani fanni kada ya zama shi ne mai yawo da ƙoƙon bara a cikin wannan fanni.

Haka lamarin yake da ɗan kwangila, har ma ya fi muni. Kamfanin da ke jiran a biya shi kuɗin titi, ko yake neman a sabunta masa kwangila, idan ya kawo tirela goma ta shinkafa gidan gwamnati aka ɗauki hoto, kundin tsarin mulki ya wanke gwamnan da ya karɓa, tun da a bainar jama'a aka bayar kuma hukuma aka ba. Amma hukuma ba ta da zuciya, mutanen da ke cikinta ne suke da ita, kuma su ne za su zauna gobe su duba takardun wannan kamfani tare da na abokan takararsa da ba su kawo komai ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan ne giɓin dokarmu yake: ta tsaurara a kan kyautar da ke shiga aljihun ma'aikaci, amma ta bar ƙofa a buɗe ga kyautar da ke shiga ofishinsa daga hannun mai neman wani abu a ofishin.

Amurka ta bi wata hanya da ta cancanci a duba, ba don komai nata abin koyi ne ba, sai don ta rubuta amsar waɗannan tambayoyi tun kafin a yi su. A can ma'aikatar tarayya ba ta da ikon karɓar kyauta don ƙara wa kasafinta sai idan majalisa ta ba ta wannan iko a cikin doka, kuma dokar agajin bala'i da ake kira Stafford ta ba da irin wannan izini a fili domin taimakon waɗanda masifa ta shafa. Ma'aikaci ɗaya kuwa, abin da aka yarje masa ya karɓa daga wanda ke da harka da ofishinsa bai wuce na dala 20 a lokaci guda ba, kuma kada ya haura dala 50 a shekara daga hannun mutum ɗaya. An kuma hana shi ya roƙi gudummawa da kansa daga na ƙasa da shi a ofis, ko daga kamfanin da ma'aikatarsa ke sa wa ido, ko da don aikin alheri ne. Duk da haka, da guguwar Katrina ta afka wa birnin New Orleans a watan Agusta na 2005, ƙasashen duniya suka yi tayin taimakon kuɗi da man fetur na kimanin dala miliyan 854, amma tsabar kuɗin da aka karɓa a ƙarshe dala miliyan 126 ne, kuma masu binciken kuɗi na majalisarsu suka gano babu tsarin da aka tanada na karɓar agajin waje. Dubban ɗaruruwan ƙunshin abinci da Birtaniya ta aika suka maƙale a rumbu a jihar Arkansas saboda dokar da ta hana shigo da naman shanun Birtaniya. Ƙasar da ke da ƙa'idoji masu yawa haka ma ta yi tuntuɓe a daidai wurin da ba ta rubuta komai ba.

Batun roƙon na ƙasa da kai ya taɓa mu kai tsaye. A watan Afrilu na 2020 gwamnatin jihar Kaduna ta sanar cewa ma'aikatan da albashinsu ya kai naira 67,000 zuwa sama bayan cire haraji za su ba da kashi 25 cikin 100 a kowane wata muddin ana cikin kulle, masu muƙaman siyasa kuma su ba da fiye da haka. Hujjar gwamnati ita ce masu albashi su tallafa wa waɗanda kulle ya hana fita neman na abinci, kuma hujja ce da ke da ma'ana. Ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙi amincewa, suna cewa ba a nemi yardar ma'aikata ba. Ni a ganina matsalar tana cikin sunan da aka ba abin. Abin da mutum ba shi da ikon cewa a'a a kansa ba gudummawa ba ne, haraji ne, shi kuwa haraji yana da ƙofarsa, wato majalisa. Irin wannan yana faruwa a ƙananan matakai kusan kullum, inda shugaban ofis zai zagaya da takarda kowa ya rubuta sunansa da abin da zai bayar, ƙaramin ma'aikaci kuma ya rubuta abin da ya fi ƙarfinsa don kada a gan shi a ƙasan jeri.

Sai kuma tazarar da ke tsakanin alƙawari da cikawa. A ranar 31 ga Yuli, 2014, aka yi taron ƙaddamar da gidauniyar tallafa wa waɗanda rikicin Boko Haram ya shafa a Abuja, ƙarƙashin jagorancin Janar T. Y. Ɗanjuma, aka sanar da alƙawuran da suka haura naira biliyan 58. Shekara guda bayan haka abin da ya shiga asusun bai kai rabi ba. Wanda ya yi alƙawari a gaban shugaban ƙasa ya riga ya kwashi yabo da hoto da kusanci, ko ya biya ko bai biya ba, ɗan gudun hijira kuwa ya ji adadin a rediyo yana jiran kasonsa daga kuɗin da ba su taɓa zuwa ba, idan bai gani ba kuma sai ya ce 'yan kwamiti sun cinye. Saboda haka duk jerin masu gudummawa da hukuma za ta fitar ya wajaba ya zo da layi biyu, na abin da aka ambata da na abin da ya shigo. Akwai ma dalili na ƙari: Dokar Kuɗi ta 2020 ta ba kamfanoni damar cire gudummawar da suka ba asusun gwamnati lokacin annoba ko bala'i daga ribar da za a yi wa haraji, har zuwa kashi 10 cikin 100. Ke nan wani kaso na kyautar, a haƙiƙa, harajin da baitulmali ya haƙura da shi ne, jama'a kuma suna da haƙƙin sanin ko an biya.

Gudummawar kaya ta fi ta kuɗi wuyar tsarewa, domin kuɗi suna barin sawu a banki, buhu kuwa ba ya barin komai. A shekarar 2017 Saudiyya ta aiko da tan 200 na dabino domin a raba, musamman ga 'yan gudun hijira a watan azumi, sai aka gan shi ana sayarwa a kasuwanni, har Ma'aikatar Harkokin Waje ta fito ta ba Saudiyya haƙuri. A Afrilun 2020 gwamnatin Oyo ta ƙi karɓar buhu 1,800 na shinkafar da aka aiko mata daga rumbun kwastan, tana cewa ƙwari sun ɓata ta. Kaya suna buƙatar a ƙirga su a gaban shaidu ranar da suka iso, a duba ingancinsu da ranar lalacewarsu, a rubuta su a littafin sito, a kuma bar su cikin buhunsu na asali. Sauya buhu a manna hoton ɗan siyasa a kan abin da wani ya bayar domin Allah, ko a ajiye shi sai ranar wani biki na ƙashin kai, mayar da dukiyar jama'a ce ta zama jarin neman ƙuri'a, kuma sakin layi na farko na ƙa'idojin ɗa'a, wanda ya hana ma'aikaci ya sa kansa inda buƙatarsa za ta ci karo da aikinsa, ya isa ya kama mai yin haka.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne gaggawa, wai mutane suna cikin ruwa ba lokacin cike takardu ba ne. Gaskiya ne ba a jiran tallar kwangila ta mako shida kafin a sayi kwalekwale, kuma doka ta san da haka. Sashe na 43 na Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ya yarda hukuma ta yi ciniki kai tsaye a lokacin bala'i, amma ya ce a yi shi bisa riƙon amana, kuma da zarar ƙura ta lafa a kai cikakken rahoto ga hukumar kula da kwangiloli domin ta tantance. Abin da gaggawa ta ɗage shi ne jira, lissafi kuwa tana jinkirta shi ne kawai, ba ta yafe shi ba.

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri, gudummawa ta yi ta zuwa daga jihohi da attajirai da ƙungiyoyi, gwamnatin Borno ta buɗe asusu na musamman, ta riƙa sanar da sunayen masu bayarwa, ta kuma kafa kwamitin rabo. Wannan ya fi abin da aka gani a wurare da dama a 2020, amma ya dogara ne da zaɓin gwamnan da ke kan kujera, wanda zai gaje shi ko takwaransa na wata jiha babu abin da ya ɗaure shi ya yi haka. Abin da ya rage shi ne Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su mayar da ƙa'idar Babban Akanta ta Mayun 2020 doka mai ɗorewa, su faɗi wace hukuma ce ke da ikon karɓa da wane asusu, su hana mai sa ido roƙon waɗanda yake sa wa ido, su wajabta wa ɗan kwangilar da ya ba da gudummawa ya bayyana kwangilolin da ke hannunsa da waɗanda yake nema, su kuma sa wa'adin da mai binciken kuɗi zai kai rahoto gaban majalisa. Lokacin yin wannan aiki shi ne rani, tun kafin hukumar da ke hasashen ambaliya ta fitar da jerin ƙananan hukumomin da ruwa zai yi wa barazana a damina mai zuwa.